Tabar da ta ci bakin Yaya Garba

Wahala na sha, ba ni da wata kalma da ta wuce wannan. Wata goma sha ɗaya ina jinyar yayana Garba, tun daga kaka har wata kakar ta kusa zagayowa, kuma a ƙarshe rasuwa ya yi. Masu zuwa gaisuwa suna ta ce mini in yi haƙuri in yafe. Haƙuri na yi, don ba ni da yadda zan yi. Yafewa kuwa ban yafe ba, kuma kada wanda ya karanta wannan takarda ya zo ya sake roƙona. Akwai mutum ɗaya a kasuwar Kontagora, Ɗan'azumi mai taba, ni da shi sai gaban Allah.

Ni ba ɗan makaranta ba ne. Ajin yaƙi da jahilci na shiga da gemuna, a nan na koyi jan biro. In kun ga magana ta karkace ku karanta haka nan. Sunana Jibo.

Sana'armu haƙar rijiya. Yaya yana ciki da dagi, ni ina sama riƙe da igiya, ina jawo ƙasa ina zubarwa. Haka muka yi shekara ashirin da wani abu, daga cikin gari har Ibeto, har ƙauyukan Rijau. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya yi mini aure, shi ya koya mini yadda ake jin nauyin mutum a igiya a gane ko lafiya yake.

Wanda bai taɓa shiga rijiya ba bai san dalilin da ya sa mahaƙa suke da baƙin haƙori ba. A ƙasan rami ba a kunna wuta. In an wuce gaba goma iska ƙaranci take yi, ko fitila ka saukar mutuwa za ta yi, balle sigari. Shi ya sa garin taba muke ƙunsawa. A daka taba da kanwa, a ɗebi kaɗan da yatsa a cusa tsakanin dasashi da kunci, a bar shi nan. Mukan ce yana kashe yunwa, yana hana jiri. Yaya gefen hagu yake sa nasa, waje ɗaya kullum, tun hantsi har la'asar. In ya salance sai ya girgiza igiya sau biyu, ni kuma in jefa batta cikin guga in saukar masa. Da hannuna nake saukarwa. Wannan ina sane da shi, ba sai an tuna mini ba.

Duk mahaƙan garin nan a wurin Ɗan'azumi suke saye. Abokin Yaya ne tun suna samari, kuma tabarsa ta fi ta kowa kanwa, da ka sa sai ka ji ta har tsakar ka. Ban da taba yana ba da magani, na haƙori da na ciwon daji, wai gadonsa ya yi.

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama abin ya fara. Muna cin tuwo Yaya ya ce wa matarsa Asabe ta cika yaji a miya. Ta rage. Kashegari ya sake cewa. Ta ce, "Malam, yau ko barkono ɗaya ban sa ba." Da na leƙa bakinsa da rana sai na ga wani fari-fari a cikin kunci kamar an goga alli, da ɗan miki a tsakiya, bai wuce ƙwayar wake ba. Daidai inda yake ajiye taba.

Mako guda, mako biyu, mako uku, bai rufe ba. Sai ya mayar da tabar gefen dama ya ci gaba da aiki. A mako na huɗu ya tofar da yawu na ga jini, na ce mu tafi wurin abokinka.

"A'a, gafiyar rami, yau an fito shan iska?" in ji Ɗan'azumi da ya hango mu.

"Rufe mini baki, mai dakan guba," in ji Yaya yana dariya. Wasa yake yi a lokacin. "Duba mini nan."

Ya ja shi bayan rumfa, ya tura masa yatsa cikin baki, ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago ya ce, "Daji ne. Amma ƙarami ne, bai yi ƙafa ba tukuna. Ka gode wa Allah da ka fara zuwa wurina. Abu ɗaya zan gaya maka, Garba, kai ma Jibo ka ji. Kada ku kuskura ƙarfe ya taɓa shi. Allura ko wuƙar likita, in suka taɓa daji watsuwa yake yi cikin jiki, kwana bakwai an gama."

Ba mu yi musu ba, don ba daga bakinsa muka fara jin haka ba. Kowa a garin nan ya tashi ya tarar ana cewa ba a kai daji asibiti. Gwaggo Ladi, ƙanwar mahaifinmu, da ta ji sai ta tako har gida ta kama kunnena kamar ina yaro. "In ka kai ɗan'uwanka inda za a soka masa allura, ni da kai mun rabu."

Maganin da ya ba mu wani baƙin abu ne mai danƙo a cikin gwangwani. A lakata a liƙa a kan mikin safe da yamma. In an sa, Yaya yakan riƙe ginshiƙin rumfa, hawaye na zuba, mutumin da marmara ta taɓa fasa masa yatsa bai ce uffan ba. Na koma na ce abin yana ƙona shi. Ɗan'azumi ya ce, "Zafin shi ne aikin. In bai yi zafi ba ka dawo mini da shi." Na ce to tabar fa, ya daina? Ya ce, "Ya daina ya kama ciwon haƙori a kan daji? Ya ci gaba, ai ita ke kashe tsutsa."

Wata huɗu muka yi a haka. Mikin ya tashi daga ƙwayar wake ya kai faɗin sule, gefensa ya yi tauri kamar busasshiyar fata. Kaluluwa ta fito a ƙarƙashin muƙamuƙi, ba ta ciwo, ba ta motsi. Ya bar tuwo ya koma kunu. Baki ya daina buɗuwa sosai. Wari ya fara. Duk mako in je in faɗa, duk mako a ce mini daji ne yake fitowa waje, alamar nasara ce, a cika mini wani gwangwanin.

Da tsakiyar rani muna wata rijiya a Ibeto, na ji igiya ta yi sako-sako. Na kira, shiru. Na kira da ƙarfi, sai na ji nishi. Masu gidan suka riƙe mini igiya na sauka, na same shi zaune a jingine da bango, dagi a kan cinya, jini ya jiƙa masa gaban riga. Na ɗaura masa igiya a ƙirji aka jawo shi. Daga ranar bai sake shiga rami ba.

Wanda ya fitar da mu daga wannan duhu, ko da yake an makara, shi ne Malam Bitrus, malamin asibiti, mutumin Tungan Magajiya. Kirista ne, kuma mu muka haƙa rijiyar gidan mahaifinsa. Ba mu kira shi ba. Labari ya ji ya hawo keke ya zo. Da ya ga bakin Yaya sai ya fita zaure ya zauna, ya cire hula ya riƙe a hannu. Gwaggo ta tsaya a kansa tana cewa ba za a soka wa ɗanta ƙarfe ba.

Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri. Wata nawa ba a soka masa ba? Ya warke?"

Ta ce, "Ai ba a gama magani ba."

Ya ce, "Mama, in aka gama wannan magani, babu wanda za a kai asibitin."

Allah ya saka wa wannan bawa da alheri. Ba zan iya biyansa ba.

Asibiti kuwa, kwana uku muka yi kafin likita ya gan mu. Ranar farko layin kati, rana ta biyu likita ya tafi wani gari, ta uku aka kira mu bayan azahar. Mutane na matsawa daga bencin da muke saboda wari, wata mata har ta toshe hanci da gefen zane tana tsaki. Ba na ganin laifinta yanzu, amma a lokacin na ji kamar in mare ta. Malam Bitrus da kansa ya wanke mikin. Da ya kankare baƙin abin nan ya shinshina, sai ya juyo ya dube ni.

"Wannan hannun mai tabar nan ne na kasuwa."

Na ce shi ne.

"Ka san abin da ke ciki? Tabar ce dai, da ƙarin kanwa da ƙonannen ɓawo. Garba ne na uku da na wanke wa wannan abu. Audu Maƙeri na farko. Sai wata mata daga wajen Rijau. Duka biyun suna sayen taba a wurinsa, duka biyun a baki ya kama su, duka biyun sai da abu ya lalace aka kawo mana."

Na san Audu Maƙeri. Shi yake yi mana bakin dagi. Da ya mutu an ce mana daji ne, ba a ce a ina ba, ba a kuma bari kowa ya gan shi ba.

Likita ya rubuta takarda ya ce sai babban asibiti a Kaduna. Na sayar da awakina da keken Yaya. Muka hau babbar mota a kan buhunan dawa, aka tura mu can baya saboda sauran fasinja, rana na dukanmu tun daga tasha har Tegina, na kare masa kai da rigata. A Kaduna kwana tara muna kwana a barandar asibiti. Wani mai gadi, ban ko san sunansa ba, yakan kawo mana ruwan zafi a kwano don in dama masa koko. An yanki ɗan nama daga bakin aka ce mu jira. Da aka yanka na riƙa ƙirga kwana. Bakwai ta zo ta wuce, Yaya yana nan da ransa. A ranar na gane ƙarya aka shayar da mu.

Likitan Ba'indiye ne, ɗan siriri, akwai mai yi masa tafinta. Ya ce sunan ciwon kansa, shi ne muke kira daji. Ya tambayi shekara nawa Yaya yana ƙunsa taba. Na ce ta fi talatin. Ya tambayi yaushe mikin ya fito. Na faɗa. Sai ya ɗaga ɗan yatsansa ya nuna kan farce, ya yi magana, tafinta ya ce, "Wai da kun zo tun yana kamar haka, da wuƙa ta isa. Yanzu ya kama ƙashi, ya sauka wuya. In ya yanka, babu abin da zai bari."

Wannan magana ita ce ba ta barina. Da wuƙa ta isa. Wuƙar da aka ce mu guje mata.

Na tashi zan ɗauki Yaya, likita ya riƙe mini hannu. Tafinta ya ce, "Wai kai ma buɗe naka." Ya haska da ƙaramar tocila, ya daɗe a gefen dama. Ya ba ni madubi. Ga farin nan, kamar an goga alli, iri ɗaya da na Yaya, sai dai babu miki. Ya sa hannu a aljihun rigata da kansa ya zaro battata ya ajiye a kan tebur. Ya ce naka bai zama komai ba tukuna, amma hanyar ke nan. Ka bar taba, ta baki da ta hanci da ta hayaƙi. Ka bar giya in kana sha. Ka ci ganye da 'ya'yan itace. Duk mikin baki da ya wuce mako uku bai rufe ba, a kai asibiti, kada a jira.

Na bar battar a teburinsa. Kada wani ya ce muku da sauƙi ake bari. Mako biyu kaina kamar ana sara, hannuna na zuwa aljihu shi kaɗai, na yi wa matata faɗa a kan gishiri har ta yi kuka. Na riƙa tauna asawaki har ya zama zare, na koma goruba, na koma rake. Sai bayan wata uku farin ya dushe. Malam Bitrus yana duba mini har yanzu.

Aka ba mu ƙwayoyin rage zafi muka dawo gida da farkon damina. Daga nan jinya ta koma tawa da Asabe. Ita dama kunu, ta tace shi ya zama kamar ruwa, ni in ɗaga masa kai in riƙa ɗura masa da ƙaramin cokali ta gefen dama. Rabi ya shiga, rabi ya fito. Kunci ya huje. Ta ramin kana ganin haƙora. Sau uku a rana nake wankewa da ruwan ɗumi da gishiri yadda Malam Bitrus ya koya mini. Mun rataya gidan sauro da rana saboda ƙuda, duk da haka wata safiya na cire tsutsa huɗu da tsinke. Asabe ta ƙona turaren wuta har bangon ɗaki ya yi baƙi, bai hana komai ba. In ƙwaya ta ƙare kafin a samo wata, sai ka ji yana buga ƙeya a bango a hankali, a hankali, don kada 'ya'yansa su ji.

Ya sa aka naɗe masa fuska da mayafi, ido kawai a waje. Ya hana kowa shiga ɗakin sai mu biyu. Ko 'yarsa Lami da ta zo daga gidan mijinta daga bakin ƙofa ta gaishe shi. Mutum ne mai tsabta da son fara'a, bai so a tuna shi da wannan fuska ba. Masu dubiya a zaure nake tare su.

"Jibo, ya mai jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"To, Allah ya ƙara sauƙi."

Haka ake cewa, haka na ce. Ko mutum yana shure-shuren mutuwa haka ake amsawa, kowa ya sani. Sau nawa na faɗa a wata biyar, Allah kaɗai ya sani.

Ɗan'azumi bai tako gidan ba ko sau ɗaya tun da muka dawo. Wata rana bayan na wanke mikin, hannuna na wari, na wuce kasuwa kai tsaye ban ko sa sabulu ba. Na same shi yana auna wa wani taba.

"A'a, Jibo! Ya jikin mutumina?"

Na miƙa masa hannuna kusa da hanci. Ya ja da baya.

Na ce, "Audu Maƙeri me ya kashe shi?"

Ya ce, "Kwana ya ƙare."

Na ce, "Matar Rijau fa?"

Ya sallami mai sayen, ya rage murya. "Kai Jibo, ka iya bakinka. Ni na ɗura wa wani? Kowa da ƙafarsa yake zuwa."

Sai a lokacin na lura da abin da na yi shekaru ina kallo ban gani ba. Haƙoransa farare ne. Mai dakan taba, mai sayar da taba, babu ko ɗigon baƙi a dasashinsa. Na ɗebi garin daga tasarsa na ce, "In magani ce, sa a bakinka in gani."

Ya ce, "Ni ba ta karɓe ni ba. Na daɗe da bari."

"Tun yaushe?"

Mai goro na kusa da shi, yana jinmu, ya ce, "Ai tun shekarar da aka binne Audu. Har 'ya'yansa ya hana."

Ban san yadda na iso gida ba. Na shiga ɗakin kaya na ɗauko dagin Yaya, mai sabon baki. Ba zan ɓoye muku ba, niyyata in fasa masa kai a gaban tasarsa, abin da zai biyo baya ya biyo. Asabe ta tare ƙofar zaure da jikinta.

"Ina zuwa da wannan, Jibo?"

"Matar Yaya, ba ni hanya."

"In ba ka hanya ka kashe shi, a ɗaure ka a kai ka Sakkwato. To wa zai juya mini shi? Ni kaɗai zan ɗaga shi? Wa zai cire masa tsutsa? Gwaggo ce za ta cire?" Ba ta yi kuka ba. Ta miƙa hannu. "Kawo. In ya rasu ka yi abin da ka ga dama."

Na ba ta.

Na kai ƙara wurin mai unguwa. Ya tara mu, ya saurara, ya ce ciwo da mutuwa na Allah ne, ba a taɓa jin an kama mai magani don magani bai ci ba, kuma taba ba yau aka fara sayar da ita ba. Ya ce mu gaisa. Ɗan'azumi ya miƙo hannu. Na tashi na sa takalmina.

To ga abin da na zauna rubutawa dominsa, ku mahaƙa da maƙera da direbobi da duk mai ƙunsa abin nan a baki, da mata masu sa shi don ciwon haƙori. Ba ya kashe wata tsutsa. Naman bakinku yake ci a hankali, kanwa na buɗe masa hanya. In yunwa ce ku ci rogo, ku ci gyaɗa. In haƙori ne ku je a cire. Ku sami madubi ku leƙa bakinku da rana, in kun ga fari ko miki kada ku tambayi mai sayarwa, don ba zai ce ku daina saye ba. Kuma allura ba ta watsa daji. Na gani da idona, an yanki yayana ya yi wata biyar a bayan haka. Jira ne yake watsa shi.

Ana cikin marka, kwana tara kafin rasuwarsa, na haɗu da Tanko a bakin masallaci bayan la'asar. Mahaƙi ne kamarmu, mun sha haɗa aiki. Na ga yana magana da gefe ɗaya na baki, ga baƙin abu a leɓensa. Na ja shi gefe na ce ya tofar, ya je wurin Malam Bitrus gobe-goben nan.

Ya ce, "Haba Jibo. Maganin da ya tashi yayanka?"

Na ce, "Wa ya ce maka ya tashi?"

"Ɗan'azumi mana. Kowa ya zo da Garba yake ba shi misali. Ya ce kun je Kaduna likitoci sun kasa, kun dawo kan maganinsa, yanzu hutawa kawai yake yi kafin rani."

Na ce, "Ƙarya yake yi. Yaya mutuwa yake yi."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Ni da kaina na zo dubiya sau uku. Me ka ce mini a zaure? Ba da sauƙi ka ce ba? Yanzu don kun yi faɗa da mutum a gaban mai unguwa sai ka ɓata masa sana'a?" Ya gyara hula ya tafi.

Na tsaya a wurin har aka fara yayyafi. Ashe duk lokacin da na buɗe baki a zaure talla nake yi masa.

Da na koma gida lokacin wankin yamma ya yi. Ban yi niyyar faɗa wa Yaya ba, amma ya san hannuna, ya ji ina danna masa tsumma da ƙarfi. Ya riƙe mini wuyan hannu ya kafe ni da ido. Sai na faɗa masa duka, har maganar Tanko, har misalin da ake bayarwa da sunansa.

Magana a lokacin sai ka kai kunne kusa, rabinta iska ce ke fita ta ramin kunci. Ya ce wani abu ban ji ba. Na sunkuya.

"Gobe kasuwa?"

Na ce, "Gobe ne, Yaya."

"Kai ni."

Na ce, "Yaya, Lami ma ka hana ta gani."

Ya ce, "Kai ni. Gabansa."

Asabe tana tsaye da kwanon kunu. Ta ajiye shi, ta buɗe akwati ta ciro farar rigarsa ta Juma'a, ta fita neman gawayin guga.

Da gari ya waye na yi masa wanka, na wanke mikin, ban sa bandeji ba. Na sa masa rigar, na naɗa mayafin sako-sako. Na durƙusa Asabe ta ɗora mini shi a baya ta ɗaure da zane. Mutumin da nakan kafa ƙafa biyu kafin in jawo shi daga rami, ban ji nauyinsa ya kai na guga ɗaya na ƙasa ba. Ta bi mu a baya da tabarma da lema.

Kasuwa ta fara cika. Na shimfiɗa tabarmar a gaban rumfar Ɗan'azumi, taku uku tsakani, na zaunar da Yaya na jingina shi da ƙirjina. Akwai mutum biyar a gaban tasar taba, har da Tanko. Mai goro ne ya fara gane shi.

"La ilaha! Garba ne? An samu fitowa ke nan! Jibo, ya mai jiki?"

Mutane suka juyo, wasu suka matso da fara'a za su gaisa. Na ɗaga murya yadda har 'yan hatsi za su ji.

"Babu sauƙi. Ba a taɓa samun sauƙi ba. Ƙarya nake yi muku."

Yaya da kansa ya ɗaga hannu ya janye mayafin.

Wata mai nono ta saki ƙwarya. Wanda ya miƙo hannu zai gaisa ya tsaya da hannun a miƙe. Yaya ya juya musu gefen hagu sosai don su gani da kyau, sannan ya nuna tasar taba da yatsa, ya nuna gwangwanayen maganin, ya nuna mai su. Tanko ya sa yatsa cikin bakinsa ya kwarfo baƙin abin ya tsaya yana kallonsa.

Ɗan'azumi ya zagayo ya durƙusa kusa da ni, gumi na zuba masa. "Jibo, don girman Allah. Garba, abota fa. Ku rufa mini asiri, ku tashi, zan zo gida mu yi magana."

Na ce wa Asabe ta miƙo mini lema, rana za ta yi zafi anjima. Na gyara wa Yaya zama.

Na ce, "Sai kasuwa ta tashi."